Rakiyar Sambo Gwajin Fitsari a Kusada

Tun da na dawo daga Kusada ban sami sakat a shagona ba. Mutum zai shigo kamar atamfa zai taya, ya juya ta, ya ajiye, sannan ya rage murya ya ce, "Malam Isiyaku, wai da gaske ne abin da muka ji?" Ranar Juma'a ma wani dattijo ya riƙe hannuna bayan an sallame, ya daɗe yana leƙen cikin idona, na san ja yake nema. Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, kowa ya ɗauki gutsuren da ya yi masa daɗi ya je ya ƙara masa gishiri. Don haka ga shi nan gaba ɗaya, daga fita har dawowa. Wanda kuma zai ce zuwa Kusada bai kai a kira shi tafiya ba, tunda ga ta nan kusa da Kankia, to bai taɓa zuwanta da damina a kan babur, da Bafulatani da sandarsa a bayansa ba.

Bafulatanin shi ne Sambo, ɗan kawuna, wato taubashina. Mahaifiyata 'yar rugarsu ce a wajen Sukuntuni, aure ya kawo ta gari. Tun muna yara ni da Sambo ba mu taɓa gaisuwar arziki ba. Ni in ce masa bagidaje mai warin nono, shi ya ce mini Kaɗo mai tsoron ƙaho. A haka muka yi furfura. Sai shekarun baya ɓarayin daji suka shiga rugar suka kore shanun kaf, ko ɗan maraƙi ba su bar masa ba. Daga nan Sambo ya daina rama tsiya. In na tsokane shi sai ya ce "to", ya dubi ƙasa. Sandar da na saba gani a gicciye bisa kafaɗunsa ta koma abin dogarawa. Wannan "to" ɗin ta fi komai tayar mini da hankali, don na san mutumin nan ciwo yake yi a ciki.

Yana da 'yar fari da ke aure a Kusada. Mijinta Kabiru yaron kirki ne, ya karanta aikin lafiya, yana ta neman a ɗauke shi aiki bai samu ba. Duk da haka sau da yawa ya aiko da hatsi, Sambo ya mayar. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce irin tasu. Ba ya faɗin sunan 'yar, ba ya faɗin na mijin, in sun hangi juna a kasuwa kowa ya sake hanya. In dole ta kama sai ya ce "wancan yaron".

To, bana wata ƙungiyar masu tallafi ta zo da awaki, biyu-biyu ga duk wanda aka raba da dabbobinsa a Kankia da Kusada, aka ce a Kusada za a yi rabon. Amma da sharaɗi. Wai a wani wuri an taɓa rabawa, wasu suka sayar suka sha ƙwaya da kuɗin, saboda haka yanzu ba mai karɓar igiya sai an gwada fitsarinsa. Mai unguwa ya sa sunan Sambo. Ranar rabon da sassafe na ga Sambo tsaye a ƙofar shago.

"Ka raka ni Kusada," ya ce. "An ce sai an auna bawalin mutum kahin a ba shi akuya. Ni ban san kan wagga kasuwa ba."

Na ce, "Yau asiri zai tonu. Dama na daɗe ina zargin ramar nan taka ba ta Allah da Annabi ba ce."

Ya ce, "To."

Na rufe shago na kira Ɗanlami mai babur, wanda ke kai mini kaya ƙauyuka. Ɗanlami ya ce titi zagaye ne, shi ya san yanke ta cikin gonaki. Duk ranar da ɗan acaɓa ya ce muku ya san yanke, ku ce masa kun gode, ba ku sauri. Ni a tsakiya, Sambo a baya, sandarsa na zungurata a haƙarƙari duk inda muka faɗa rami. Dawa ta yi kai, tana marinmu hagu da dama.

Iyaka wata 'yar ƙorama ce da mutanen wurin suka ce ita ta raba ƙasar Kankia da ta Kusada. A bakinta 'yan sintiri sun gicciya katako mai ƙusoshi. Babbansu ya dube mu ya ce, "Ina aka nufa?"

Kafin in tsara amsa ta mutunci, Sambo ya ce, "Bawali."

Mutumin ko gezau. Ya janye katakon ya ce, "Tun asuba duk wanda ya wuce haka yake faɗi. Ku dai riƙe shi da kyau, akwai gargada a gaba."

Ba gargadar ce ta kayar da mu ba, ƙoramar ce. Muna haurowa gaɓar Kusada taya ta zame, Sambo ya dira da ƙafafunsa tsaf kamar bai hau ba, ni kuwa na shiga ƙasar maƙwabta da gadon baya. Da ƙyar suka tayar da ni. Ɗanlami ya laluba aljihu ya fito da wasu 'yan ƙwansuna guda biyu a leda.

"Sha ɗaya, Malam, ka aje ɗaya. Maganin ciwon jiki ne, duk 'yan babur shi muke sha."

Ya miƙa wa Sambo shi ma, Sambo ya kau da kai, ya ce shi tun da uwarsa ta haife shi bai haɗiyi maganin Bature ba. Ni na kora nawa da ruwan gorarsa. Ba mu yi nisa ba na ji bayana ya warware. Na fara lura da cewa iskar Kusada ta fi tamu daɗi. Gyaɗarsu ta fi kore, jakunansu sun fi fara'a. Na yi ta bayani a kan wannan har muka shiga gari, na kuma ba Ɗanlami tarihin kasuwancin yadi tun daga kakana, bai tambaya ba.

A harabar wata makarantar firamare ake aikin. A ƙofa aka rubuta sunan Sambo, aka ba shi lamba. Awakin suna gefe guda cikin shinge, jajaye, sun sha tafiya. Sambo ya manta da ni ya nufe su. Ya tsaya yana duba haƙoran wannan, yana shafa cikin waccan, bakinsa na motsi. Na daɗe ban ga fuskarsa haka ba.

Ni kuwa sai na shiga kallon al'adun wurin. A Kankia in ka tarar da dattawa a layi ka ce musu sannunku da haƙuri. A nan gaisuwar ita ce, "Ya zo?" A amsa, "Tukuna dai." Don yawancinsu mutanen kirki ne, sun kama ruwa sun yi tsarki kafin su baro gida, kamar yadda kowane mai hankali ke yi in zai shiga taro. Da suka iso aka ce abin da suka zubar shi ake nema. Masu ruwan leda da zoɓo suka yi ta ciniki kamar ranar kasuwa. Ga tsofaffi a jere a gindin darbejiya, kowa da ledarsa a baki, suna jiran ikon Allah. Wani mai jan gemu ya ce mini, "Shekarata saba'in ina ɓoye wannan abu ga jama'a, yau an ce in kawo shi a kofi in miƙa da hannun dama." Na kusa da shi ya ce, "Ni tambayata guda ce. Su masu rabon, wa ya auna nasu?"

Yadda ake gwajin, wani ɗan tsinken roba ake tsomawa a kofin. In layi biyu ya fito, lafiya lau. In ɗaya ne, an kama ka. A bakin shingen na haɗu da wani magidanci, Audu, wanda nasa ya fito ɗaya. Yana tsaye yana kallon awakin da ba zai samu ba.

"Ni ba don daɗi nike sha ba, Malam," ya ce. "Gonar wani nike nomewa tun safe har la'asar. In ban sha ba bayana ba ya miƙewa. Da an ba ni awakin nan ai da na rage ƙwadagon."

Na gyara tsayuwa na yi masa nasiha mai tsawo a kan haƙuri da tsoron Allah da illar ƙwaya. Ban taɓa jin bakina ya yi zaƙi kamar ranar ba. Ya saurara har na gama, ya ce ya gode, ya tafi.

Bayan azahar layi ya kawo mu kusa da bayin makarantar. Saboda wasu sun zo da fitsarin 'ya'yansu a leda cikin riga, doka ta ce dole ma'aikaci ya shiga tare da mutum ya gani da idonsa. Muna shan kwana sai ga ma'aikacin a tsaye, da farar riga da faranti cike da kofuna. Kabiru ne. Ashe ƙungiyar ta ɗauke shi na wucin gadi, da alkawarin in ya yi kyau za a riƙe shi.

Sambo ya ja malafarsa ta rufe fuska, ya juya, ya fice daga harabar da saurin da ban san yana da shi ba. Shi ma Kabiru na ga farantin ya karkace a hannunsa. Na tarar da Sambo a bayan katanga.

"Mu koma gida," ya ce.

Na ce masa ai an riga an rubuta shi a ƙofa. Na ji ana faɗa a layi cewa wanda aka rubuta ya ƙi bayarwa, da shi da wanda aka kama duk ɗaya ne, har mai unguwarsu za a sanar don a yi masa faɗa. Na ce, "Ka rasa awaki, sannan gobe a Sukuntuni a ce Sambo ɗan ƙwaya ne, tsoro ya sa ya gudu. Ka zaɓa."

Can ya ce, "Aradu gara a ce. In kwance wando gaban wancan yaron? Isiyaku, kai ma ka san ba ya yiwuwa."

Na sani. Na dai lallashe shi mu kwana, tunda sai gobe za a rufe. Ɗanlami ya koma, ya ce zai dawo ɗaukarmu.

Masauki kuwa abin haushi ne. Gidan 'yarsa na nan, ɗaki da katifa da gidan sauro, amma ko unguwar Sambo ya ce ba zai bi ba. Muka sauka a zauren Alhaji Sale mai hatsi, wani abokin cinikina, tsakanin buhunan dawa da ɓeraye masu ƙiba. Sai daga baya na gane katanga ɗaya ce tsakaninmu da gidan da muke gudu. Bayan magariba Alhaji Sale ya shigo da kwanuka da kansa, ya ce daga maƙwabta ne, bai faɗi waɗanne ba. Tuwon dawa ne da miyar kuɓewa ɗanya, da zabo guda, man shanu na yawo a kai. Sambo ya buɗe, ya shaƙa sau ɗaya, ya mayar da murfi. Ya san hannun da ya soya man nan, a bukkarsa aka koya. Ya ciro ƙuli-ƙuli daga aljihu ya shiga gurgura. Ni da ba ni da hannu a wannan kunya na cinye nawa, na taimaka masa da nasa, don kada a mayar da kwano a ji ba daɗi. A Kankia muna cika daddawa, su kuwa a nan yaji suke sakar wa hannu, amma ban bar komai ba.

Muna zaune sai kukan jariri ya taso ta bayan katanga. Sambo ya daina tauna.

"Ka san mi ke cin raina?" ya ce. "Ba yunwa ba ce. An yi haihuwa gidan nan. Ubana ya ba ɗiyana kowa maraƙa tun ba su yi haƙori ba. Ni ko kaza ban aika ba."

Na nemi tsiyar da zan yi masa na rasa. Tausayinsa ya kama ni.

Da safe bayana ya dawo da ciwonsa har da riba. Na tuna da ɗayan ƙwanson Ɗanlami, na kora shi da koko. Kafin mu isa makarantar na sake zama saurayi. Na bar Sambo a bayan katanga na nemi shugabar aikin, Malama Binta, wata 'yar Katsina mai tabarau, wadda gajiya ta gama da ita. Na zayyana mata komai, Kabiru na gefe yana jera kofuna, kansa a ƙasa.

"Baba, ni ma ina da surukai, na gane," ta ce. "Amma namiji ɗaya aka ba ni. Akwai wani yaro a Tafashiya da ke jiran wurin, sai dai ba ni da ikon kiran shi sai in wannan ya bar aikin. In kuma ya zo, wurin ya zama nashi."

Na ce to a nemi wata dabara. Ta yi tunani ta ce doka ta yarda wani dattijo ya shiga da mutum a matsayin shaida maimakon ma'aikaci, in an rasa yadda za a yi, amma sai an gwada shi shi ma an ga tsaf yake.

Na yi dariya na bugi ƙirji. Na ce ai an gama. Duk duniya ba wanda Sambo ba ya jin kunyarsa kamar ni, tare aka yi mana kaciya. Ga shi ko goro ban cika ci ba, sahun farko kuma ba ya wuce ni. Na faɗi wannan da ƙarfi yadda 'yan layi za su ji. Na aika aka kira Sambo ya tsaya daga nesa, na karɓi kofi, muka shiga da Kabiru. Ya juya mini rabin baya yana cewa, "Yi haƙuri, Kawu." Na ce masa ya kalla da kyau, ba abin ɓoyo.

Malama Binta ta tsoma tsinken. Muka jira. Layi ɗaya ya fito, ja wur. Na ce a ba ɗan'uwansa lokaci, yana tafe. Ta duba agogo, ta dube ni ta saman tabarau, ta sake tsoma wani. Shi ma ɗaya.

"Baba, mi kake sha?"

Sai a lokacin ƙwansunan Ɗanlami suka faɗo mini, da iskar Kusada, da jakuna masu fara'a. Na fara bayani, amma duk wanda aka kama a wurin nan da bayani yake farawa. Mai jan gemu ya ce, "Allah Sarki, ga shi da kamala." Na waiga ko zan ga Audu, wanda na yi wa wa'azi jiya da abin a cikina. Ba ya nan. Har yau ina neman mutumin nan, don maganar da ya faɗa mini ita ce gaskiya, ni ma don bayana ya miƙe na sha.

Sai na ji wani sauti daga bakin katanga, kamar ana jan guga a tsohuwar rijiya. Sambo ne. Ya dafa sanda ya sunkuya, kafaɗunsa na rawa, hawaye na zuba. Dariya yake yi, irin wadda rabona da ji tun kafin a kore shanu.

"Kaɗo," ya ce da ƙyar, "ashe kai ne. Shi ya sa jiya jakai suka yi maka murmushi."

Na ji kunya har cikin ƙashina, amma wallahi na ji daɗin dariyar nan. Sai dai ba ta gyara komai ba. Shaida ya faɗi, rana na tafiya, ana ta fitar da awaki ɗaya bayan ɗaya. Sambo ya share ido, ya dubi shingen, ya gyara malafa zai kama hanya.

A nan ne Kabiru ya ajiye farantin. Ya cire farar rigar, ya ninke ta da kyau, ya ɗora a kan tebur.

"Malama, a kira na Tafashiya."

"Kabiru, ka san in ka fita ba dawowa. Kai ne nike shirin rubutawa a riƙe."

"Na sani, Malama."

Bai dubi inda Sambo yake ba. Ya bi ta ƙaramar ƙofar baya don kada su haɗu, ya tafi. Sambo kuma ya tsura wa wata bishiya ido kamar bai taɓa ganin irinta ba. Amma na ga hannunsa a kan sanda, ya damƙe ta har jijiyoyi sun tashi.

Wajen la'asar yaron Tafashiya ya iso da murnarsa. Sambo ya shiga da shi, ya fito, layi biyu suka bayyana tun kafin a gama tsomawa. Ya ɗauki tsinken ya kawo mini har gaban hanci, ya ce in ƙirga, in idona na gani. Aka ba shi igiya biyu. Tun jiya ya gama zaɓensa: wata ja mai farin goshi da ciki ya fara nunawa, da wata 'yar budurwa siririya.

Muna fitowa Ɗanlami na jira. Na tare shi da faɗa, ya ce shi bai ga laifin magani ba tunda ya yi aiki. Sambo ya katse mu. Ya miƙo mini igiyar mai cikin.

"Kai ta gidan da tuwo ya hito," ya ce. "Ka ce ta gaji, ba ta iya tahiya Sukuntuni. A riƙe ta nan."

Na dubi akuyar. Wannan ko Maraɗi aka ce ta je da ƙafa za ta je ta dawo. Na ce masa an hana sayarwa fa. Ya ce shi bai sayar ba, gajiya ta yi. Na ce in ta haihu fa? Ya ce akwai ƙaramin yaro a gidan, ba za a rasa mai so ba.

Akuyar ta ƙi jan igiya, dole na rungume ta a kan babur. Kabiru ya fito zaure da 'yar shara, na ba shi saƙo kamar yadda aka ba ni. Ya shafa bayanta, ya taɓa cikin, ya gane. Idonsa ya kawo ruwa.

"Kawu, ka ce ma Baffa za a kula da ita har ta huta."

Daga cikin gida na ji ana jan hanci a bayan labule, ba ta fito ba. Ina miƙa akuyar, sai ta saki fitsari mai ɗumi tun daga ƙirjina har gwiwa, a kan shaddar da na ɗinka don Sallah. Da na koma na nuna wa Sambo, ya duba da kyau ya ce, "Ita ba ta da suruki. Da ka tara a kofi, ko ita ta yi maka shaida."

To, masu tambaya, kun ji. Layi ɗaya ne, gaskiya ne, har sau biyu. Wanda ke son ganin ja a idona ya zo shago ya duba, amma ya sayi ko ɗankwali ne. Kabiru har yanzu yana neman aiki, in wani ya ji labarin gurbi ya sanar da ni, ni zan tsaya masa, in dai ba a ce sai an gwada mai tsayawa ba.

Dawowa ni kaɗai na hau babur, ta titi. Sambo ya ce shi ba ya ɗora dabba a kan inji, da ƙafa zai tafi, ya kwana a hanya in dare ya yi. Na ce masa akuya ɗaya ce fa, ba garke ba. Bai ce "to" ba. Ya ce Kaɗo ɗan ƙwaya bai isa ya koya masa kiwo ba. Ya kwance igiyar daga wuyanta ya cusa a aljihu, ya yi mata irin kiran da yake yi wa shanunsa, ta ɗaga kai ta shiga gaba. Da muka kai kwana na waiwaya. Yana biye da ita a hankali ta gefen gonaki, sandar a gicciye bisa kafaɗunsa, hannuwansa biyu a rataye a kanta.